Ina ganuwar Bauchi ta tafi?

Wani matashi ɗan asalin Bauchi, wanda aka haifa a Legas kuma can ya tashi, ya aiko mini da tambaya. Ya ce tun suna yara mahaifinsu ke ba su labarin gari mai ganuwa da ƙofofi, mai soraye da zauruka, inda kowa ya san gidan kowa. Da ya zo Sallah aka kai shi Wunti, wajen ɗaya daga tsofaffin ƙofofin garin, sai ya ga gadar sama da shaguna da Keke Napep kamar fara. Ya tambayi inda ganuwar take, aka nuna masa bayan wasu shaguna, bai ga komai ba. Ya ce: "Baba, rushe garin aka yi aka sake ginawa, ko tsohon namu ne ke ƙara wa miya gishiri?"

Ɗana, tsohonka bai ƙara gishiri ba, kuma babu wanda ya tashi rana ɗaya ya rushe garin. Ni aikin awon ƙasa da tsara unguwanni na yi har na ajiye, yawancin shekarun kuma a Bauchi na ci su. Na ja tef a lungunan cikin gari, na kafa duwatsun iyaka a gonakin da yau suka zama unguwanni. Abu guda aikin ya koya mini, in ka riƙe shi sauran bayanin zai zo maka da sauƙi: a cikin gari hanya ta girmi gini, a bayan gari kuwa gini ne ya girmi hanya. Lungun da kakanka ya bi zuwa makarantar allo yana nan inda yake, gidajen gefensa ne suka sake jiki. A sababbin unguwanni kuwa gidaje ke fara tsayawa, sai bayan shekaru hanya ta zo tana laluben inda za ta ratsa.

Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, haifaffen Tirwun, ya karɓo tuta ya zauna Inkil, sannan a 1809 ya kafa garin a yammacin dutsen Warinje, bisa shawarar wani maharbi mai suna Baushe da ake cewa daga sunansa garin ya samo suna. Zamanin yaƙi ne, don haka ganuwa ce kan gaba, kewayenta kuma ya haura kilomita 10. Kada ka ɗauka duk abin da ke cikinta gidaje ne. An bar gonaki da fadamu da wurin kiwo da kududdufai a ciki da gangan, domin in abokan gaba suka yi wa gari ƙawanya a samu abin ci da abin sha. Wannan filin da aka bari shi garin ya yi ta ci a hankali fiye da shekara ɗari. Wato kafin Bauchi ta fantsama waje, ciki ta fara cikewa, kuma mutanen zamanin kakanka sun riski gonar dawa a cikin ganuwa.

Daga kowace ƙofa hanya ta miƙe ta nufi fada da masallaci da kasuwa, kamar yatsu da suka haɗu a tafin hannu. Sunayen ƙofofin ma suna gaya maka abin da suke kallo ko wanda suke kusa da shi: Ƙofar Inkil, Ƙofar Tirwun, Ƙofar Dumi, Ƙofar Wase, ga Ƙofar Idi, ga Wambai da Jahun da Nasarawa da Ran da Wunti. Tsakanin waɗannan manyan hanyoyi sai lunguna. Ba injiniya ya zana lungu ba. Abin da ya rage ne tsakanin katangar wane da ta wane, shi ya sa yake lanƙwasa kamar maciji. Amma yana da ma'auninsa: jaki da mangala ya wuce, mutane ɗauke da makara su wuce. Wanda ya matse hanya har makara ta kasa wucewa, mai unguwa ba ya ƙyale shi.

To ina ganuwar? Abu uku suka cinye ta, kuma babu katafila a cikinsu. Na farko ruwan sama. Ginin ƙasa rai gare shi, kowace shekara yana son yaɓe, kuma da aikin gayya ake yi wa ganuwa, kowace unguwa da nata kason. Da Turawa suka ci garin a 1902 yaƙi ya ƙare, dalilin gayyar ya ƙare, damina kuma ba ta daina zuwa ba. Na biyu mu da kanmu. Ƙasar ganuwa ƙasa ce da aka riga aka zaɓa aka cuɗa, ba magini da zai gan ta a bayan gida ya tafi neman wata a nesa. Jaki-jaki aka kwashe ta aka yi tubali, har ma ina iya ce maka rabin ganuwar tana cikin katangun tsofaffin gidajen garin. Na uku, da ta zama tudu marar tsayi sai aka hau kanta aka yi gini, ramin da ke bayanta kuma ya zama juji, daga juji ya zama fuloti. Ƙofofin kuwa mota ce ta kashe su. Ƙofar da aka yi domin mahayin doki ba za ta ɗauki babbar mota mai lodin gyaɗa ba, sai aka fasa gefe. Waɗanda ka gani da siminti da fenti, sabon gini ne da aka yi don tunawa. Wasu kuma suna kawai ya rage, ɗan keke na kiran "Wunti, Wunti" bai taɓa ganin ƙyaure a wurin ba.

Turawa ba su taɓa tsarin cikin gari sosai ba, sun bar shi a hannun Sarki da En'e. Nasu garin suka yi a gefe: gidan Razdan, ofisoshi, bariki, da unguwar da ake kira GRA, mai miƙaƙƙun tituna da manyan filaye da itatuwa a jere. Dokarsu ta tsara garuruwa ta 1917 ta tanadi a bar fili na yadi 440 babu gini tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, wai don sauro da annoba. Baƙi daga kudu da sauran ma'aikata su ma aka ba su wuri a wajen ganuwa. Tun daga nan Bauchi ta zama gari mai fuska uku, kuma in ka lura har gobe ana ganin ɗinkin da ya haɗa su. Inda duk titi ya daina lanƙwasa ya miƙe sambal, ka fita daga garin Malam Yakubu.

Sai garin ya yi dogon barci. Kuza ta ja kuɗi da Turawa da 'yan kasuwa zuwa Jos, a 1926 kuma aka yanke lardin Filato aka ba shi gashin kansa. Wani abin dariya ma, ƙaramin layin dogon da aka shimfiɗa daga Zariya zuwa tudun Jos sunan Bauchi aka ba shi, alhali bai taɓa leƙo Bauchi ba har aka rufe shi a 1957. Jirgi bai iso garin ba sai 1961, lokacin Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya wuce Gombe a 1963, ya kai Maiduguri a 1964. Tashar jirgin ta haifi unguwa da ɗakunan ajiye kaya, ta kuma sauƙaƙa shigowar kwano da siminti. Wannan barcin, duk da mutanen lokacin sun yi ta kuka da shi, shi ya sa mahaifinka ya riski soraye. Garin da kuɗi bai shigo da wuri ba ya fi daɗewa da tsohon gininsa.

Ranar 3 ga Fabrairun 1976 gwamnatin Murtala ta raba Jihar Arewa maso Gabas, Bauchi ta zama babban birnin jiha. In kana neman shekara guda da za ka ce daga nan garin ya juya, ita ce wannan. Ma'aikata suka kwararo daga Maiduguri da iyalansu, kowa na neman ɗaki, ga kuɗin mai, ga ƙarin albashin Udoji na 1974 bai gama hucewa a aljihu ba. Cikin 'yan shekaru aka yi sakatariya, aka buɗe Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a 1979 wadda ke Gwallameji, jami'a ta zo a 1980 ta zauna Yalwa, wadda ita ce ta zama Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a 1988. Ga masana'antar haɗa taraktoci da manyan motoci ta Steyr, ga otal ɗin Zaranda da aka daɗe ana nuna wa baƙo tsayinsa, ga gidajen gwamnati masu sauƙin kuɗi da ake kira Lokos, ga barikin Shadawanka. Kowanne an dasa shi nesa da gari a bakin wata babbar hanya, kuma kowanne ya zama kamar turke: masu shayi da masu abinci su fara kafa rumfa, mai gona ya yi ɗakunan haya, kafin ka farga unguwa ta tashi. Haka garin ya miƙe ƙafafu ta hanyar Dass da ta Jos da ta Ningi da ta Maiduguri da ta Gombe. Tirwun da Inkil, waɗanda suka girmi Bauchi, yau unguwanninta ne.

Yanzu bari in daɗe a kan ginin kansa, don nan ne idonka ya fi ganin bambanci. Gidan da mahaifinka ya tashi a ciki da tubali aka gina shi, curin ƙasa mai kama da ƙwai da ake cuɗawa da ciyawa a shanya a rana. Gindin katanga ya fi samanta kauri nesa. Rufin soro kuma da azara ne, tsagin giginya, wadda gara ba ta cika damunta ba. Azara ba ta ɗaukar nauyin ƙasa in tazarar ta wuce kamar mita 2, shi ya sa ɗakunan da suke ƙanana. Mai son babban ɗaki sai ya nemi gwanin da ya iya bakan gizo da ɗaurin guga, ya ɗaure azara a jikin azara har ta yi baka ta haɗe a tsakiya. A waje a shafe da makuba, ruwan ɓawon ɗorawa, a sa indararo ya jefa ruwa nesa da gindin katanga, a ɗora zanko a kusurwa. In kana son ganin iyakar wannan fasaha, kama hanyar Ningi ka je Kafin Madaki ka ga gidan Madaki, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu wanda ya gina tsohon masallacin Juma'a na Zariya. Tun 1956 gwamnati ta sa shi cikin kayan tarihin ƙasa.

Ba tsalle ɗaya aka yi daga wannan zuwa bulo ba. Kwano ne ya fara hawa kan katangar ƙasa, domin maigida ya gaji da yaɓen shekara-shekara, uwargida ta gaji da tara kwanoni a tsakar ɗaki duk daren da hadari ya haɗo. Daga nan aka shiga shafe katangar ƙasa da siminti, wanda kuskure ne da har yau ake yi. Siminti da ƙasa ba sa riƙe juna. Ƙasa tana shan danshi tana fitarwa, siminti kuma ya toshe mata numfashi, ruwa ya taru a bayansa, wata rana shafen ya ɓallo falle guda, ka tarar gindin katanga ya zama kunu. Gidajen ƙasa da yawa da na ga sun faɗi a watan Agusta, ba tsufa ne ya kayar da su ba, wannan shafen ne, ko kwatar maƙwabci da ke jiƙa musu gindi. Da kamfanin siminti na Ashaka ya fara aiki a 1979, lokacin yana cikin Jihar Bauchi, sai bulo ya ci kasuwa. Ɗan magini ya ajiye sana'ar ubansa ya zama birkila.

Ba na cikin masu zagin mutane don sun bar ƙasa. Wanda bai taɓa kwana yana jin katanga na zubar da ƙasa a tsakiyar damina ba, shi ke yi wa soro kirari daga cikin ofis mai sanyi. Abin da nake jin ciwonsa shi ne mun zubar da ilimin tare da ƙasar. Katanga mai kauri tana shan zafin rana a hankali, ba ya isa ciki sai dare ya yi, lokacin kuwa an fito tsakar gida an shimfiɗa tabarma. Bulo mai inci 6 da kwano babu silin kuwa, a watan Afrilu ƙarfe biyu na rana ɗakin tanda ne. Sai ka ga mun gina gidan da ba ya zaunuwa sai da wutar Nepa, a garin da wutar ba ta zama. Ga kuma bulon kansa: buhun simintin da ya kamata ya fitar da talatin da 'yan kai, wani sai ya matse shi ya fitar da kusan ninki, ka murza da yatsa ya zube.

Babban abin da ya fita daga gidan Bahaushe a wurina zaure ne. Zaure shi ne ofis, shi ne makaranta, shi ne masaukin baƙo, nan ake ɗaurin aure, nan ake zaman makoki, nan maƙwabta ke fito da tuwon dare a ci tare. Shi ne kuma matakin da ke tsakanin titi da cikin gida: daga dakali sai zaure, sai shigifa, sannan tsakar gida. Na ga ranar da aka fasa zauren kawuna bayan rasuwarsa. Birkila ya zana layi da gawayi a bangon da ke kallon titi, aka sa diga, kafin la'asar an kafa ƙofar ƙarfe mai ganye biyu. Buzun da tsohon ke zama a kai aka naɗe aka jefa kan rumbu. Yau wani yaro ne a ciki yana cajin waya yana cire wa mutane kuɗi, kuma hayar shagon ce ke biya wa jikoki kuɗin makaranta, don haka ba ni da bakin magana. Amma baƙo yanzu ba ya sallama a zauren, a rana yake tsayawa ya kira waya. Duk titin da aka sa wa kwalta a cikin gari, cikin 'yan shekaru zaurukansa sun zama shaguna, dakalin kuma lambatu ya cinye.

Sai rabon gado, wanda ba a cika lissafa shi ba alhali ya fi kowane gwamna sauya cikin gari. Gidan mutum guda mai faɗin tsakar gida da rijiya da bishiyar inuwa, in ya rasu ya bar 'ya'ya goma sha, kowa sai an fitar masa da nasa. A ja katanga, a sare bishiya, a haƙa sabon masai kusa da tsohuwar rijiya, kowa ya fasa ƙofarsa ta lungu. In jikoki suka zo a sake rabawa. Kuma duk wanda zai mayar da katangar ƙasa ta bulo, maimakon ya tsaya inda fuskar tsohuwar take, sai ya ɗan turo waje da taƙi guda. Na gaba da shi ma ya turo. Akwai lungun da na sani motar itace tana shiga da ina yaro, yau Keke Napep sai ya naɗe madubi. Ranar gobara ake gane kuɗin wannan taƙin, motar kashe wuta tana bakin titi ana miƙa bokiti.

Bayan gari kuma labarin daban ne. A takarda komai a tsare yake. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa filayen birni a hannun gwamna, akwai taswirar yadda ake so garin ya faɗaɗa, akwai hukumar da ke ba da izinin gini. Sai dai filayen da gwamnati ke yankawa ba su taɓa isar masu nema ba, takardar mallaka tana cin shekaru, wanda ya san wani ne ke samu da wuri. Talaka kuwa aure ya ƙarato, mai gidan haya ya ƙara kuɗi. Sai ya tafi wurin mai gona. Mai gona ya kira dillali, a zo da igiya a yanka ƙafa 50 da 100, mai unguwa ya sa hannu, shi ke nan. Wannan shi ake kira awon igiya, kuma shi ya gina yawancin sababbin unguwannin da ka gani. Mai gona ba ya samun ko sisi daga hanya, don haka ƙanƙanuwa yake bari. Filin makaranta, asibiti, maƙabarta, wurin wasan yara, magudanar ruwa, duk babu wanda zai biya kuɗinsu, don haka babu su.

Ni ma ban fita ba. Akwai wata shimfiɗa da muka auna a gefen gari, muka bar titi mai faɗi da zai haɗa unguwar da babbar hanya, muka kafa duwatsu. Bayan damina biyu na koma, na tarar da gida a tsakiyar titin, an kai linta. Maigidan ya shiga ya fito da takarda mai hatimi da sa hannu daga wani ofis, ya ce: "Ranka ya daɗe, ni da kuɗina na saya." Gaskiyarsa kuma. Na rubuta rahoto, rahoto ya kwanta a fayil. Yau titin yana zuwa ya yi gwiwa ya kewaye gidan, direbobi na tsaki ba su san dalili ba. Duk inda ka ga titi a sabuwar unguwa ya karkace babu dutse babu rafi, akwai irin wannan labarin a ƙarƙashinsa. In kuma gwamnati ta tashi yin kwalta bayan shekara ashirin, kuɗin diyya da rusau sai su nemi kamo kuɗin aikin.

Ruwa kuma ba ya karanta takardar fili. Bauchi gari ne da duwatsu suka kewaye, ruwa in ya sauka a kan dutse ba ya nutsewa, gangarowa yake da gudu. Kududdufan da aka haƙa aka gina garin da ƙasarsu su ne ke tare shi, fadamu su shanye saura. Mun cike kududdufi da shara mun sayar, mun yi gini a fadama, mun shafe tsakar gida da siminti, lambatun da ke akwai leda ta toshe. Unguwar da sunanta ya fara da Fadama ko Rafi, sunan ma gargaɗi ne. Ruwan sha kuwa, madatsar Gubi ce ke ba garin, amma bututu bai taɓa kamo gudun gini ba, shi ya sa sabuwar unguwa ke rayuwa da burtsatse da 'yan garuwa.

Mutane kuma sun ƙaru fiye da haihuwar gari. Rikicin Jos daga 2001 ya turo iyalai da yawa, na Barno da Yobe ya turo wasu bayansa. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Bauchi kusan mutum dubu 500, ka kuwa san an daɗe da wuce nan.

Abin da ka gani a Wunti shi ne sabon babi. Zamanin Ahmadu Adamu Mu'azu, daga 1999 zuwa 2007, an shimfiɗa tituna da yawa a cikin gari. Zamanin Isa Yuguda aka kai filin jirgin sama Durum. Gwamnatin Bala Mohammed ta mayar da hanyoyin shiga gari tagwaye, ta kuma kawo gadojin sama a Wunti da wajen babbar kasuwa. Gadar ta rage wa mai wucewa wahala, wannan ba musu. Amma cunkoson Wunti ba daga mahaɗar kaɗai yake ba. Yatsun nan da na ce maka sun haɗu a tafi har yau nan suke haɗuwa, kasuwa ta fito titi, keke na lodi a kan kwalta, filaza ta tashi babu wurin ajiye mota. Kuma a duk wannan aikin, mai tafiya a ƙasa, wanda shi ne mafi yawa a garin, shi ake mantawa. A faɗaɗa titi, a sare dalbejiya da maɗacin da suka shekara hamsin suna ba da inuwa, tsohuwa ta tsaya da jikanta tana neman ta inda za ta tsallaka. GRA ma ta sauya: filin da da gida ɗaya ne a tsakiyar mangwarori an yanka shi huɗu, shingen fure ya koma katanga mai waya a kai.

In ka leƙa Gombe za ka ga bambanci. Can sai a 1919 aka dawo da hedikwatar masarauta Doma, inda garin Gombe yake yanzu, garin ya girma da auduga da jirgi, ya zama babban birnin jiha a 1996. Ba shi da tsohon ciki mai nauyi irin na Bauchi, faɗaɗa titi ya fi sauƙi, amma ƙasarsa yashi ce, kwari da zaizaya ke cin gidaje.

In ka sake zuwa, kada ka bari a zaga da kai a mota. Fito bayan asuba, fara daga kabarin Tafawa Ɓalewa da ke titin Ran, ka taka zuwa fada, daga nan ka faɗa lungu. Duba ƙasan katangu: inda fenti ya ɓare ka ga jar ƙasa da ciyawa, kana gaban gidan da ya girmi mahaifinka. Duba ƙofofi: za ka ga wasu sai an sauka mataki biyu ko uku ake shiga, ba don an gina su a rami ba, lungun ne ya tashi da ƙasar katangun da suka zube da cikon da ake yi kowace damina. Ɗaga kai ka nemi bakin azara da ya leƙo ƙarƙashin kwano. In ka kusa ɗaya daga tsofaffin ƙofofin, nemi dattijo a bakin masallaci, gaishe shi da kyau, ka gaya masa ɗan gidan wane ne kai, sannan ka ce ya nuna maka inda ganuwa ta bi. Zai kai ka wurin da gidaje suka jeru a kan ɗan tudu suna lanƙwasa tare, bayansu kuma ƙasa ta yi kwari ruwa na kwanciya. Tudun shi ne ganuwar, kwarin kuma ramin da aka haƙa a bayanta.